Maganar da Janareta Ya Cinye

Empedrado, 6 ga Disamba, 1994

Zuwa ga 'yata Zulma,

Gaisuwa mai yawa daga ni da uwarki. Muna fatan kina lafiya, ke da mijinki Darío, iskar kudu ba ta kwashe ku ta jefa teku ba. Ni dai lafiya lau, sai gwiwa da ke ba ni labarin hadari kafin rediyo ya faɗa. Uwarki ma da sauƙi. Hannun dama da ƙafar suna nan yadda kika bar su, amma tana cin abinci, tana kuma hararata, likita ya ce alama ce mai kyau. Magana ce dai har yanzu shiru. Tun da shanyewar jikin nan ta same ta kalma biyu suka rage mata: "a'a", da sunan Kaftin, karenmu da ya mutu kina 'yar firamare.

Kayanki sun iso lafiya, na'urar sanyaya ɗaki sabuwa fil daga kamfaninku, da jan janaretan nan da kika ce saboda ɗauke wuta. Abin dariya ba ya ƙarewa. Kuna zaune inda ruwa ke daskarewa a famfo, kuna ƙera sanyi kuna aiko mana.

To, ki zauna kafin ki karanta sauran. Ba ma gida. Na ja Kunkuru zuwa bakin kogi. Eh, tsohon ɗakinmu mai tayoyi, wanda kika ce in sayar wa 'yan gwangwan. A gida uwarki bango take kallo daga safe har dare. Wata rana na turo ta a keken marasa lafiya zuwa tsakar gida, ta ga Kunkuru a ƙarƙashin rumfa, kaji sun mai da shi masauki. Ta ɗaga hannun hagu ta nuna shi. Na ce, "Nélida, in sayar?" Ta ce, "A'a." Na ce, "In wanke?" Ta yi shiru. A wurin uwarki shiru amincewa ne, da haka ma na aure ta.

Muna wurinmu na da, ƙarƙashin babban icen nan da ke saman gaɓa, inda muke cinye watan Janairu kuna yara. Ƙusar da nake rataye fitila tana nan a jikinsa, ice ya kusa haɗiye ta. Na yanke bangon baya na Kunkuru na zaunar da na'urar, Anacleto masunci ya riƙe min. Kin tuna shi, mai ba ki tsoro da kan kifi? Haƙoransa sun zube, surutun ne bai zube ba.

Ga matsalar. Janareta na tashi lafiya, amma da na kunna na'urar sai ya yi tari, ya shaƙe, ya mutu. Anacleto ya ce, "Kai Hipólito, shekara arba'in kana tuƙa babbar mota, ɗan injin da bai kai tukunya ba ya kayar da kai?" Na ce masa ya je ya yi wa kifi wa'azi. Ki rubuto ki faɗa min abin yi, ke ce mai gwada su a wurin aiki. Zafi ya fara da wuri bana, da tsakar rana cikin Kunkuru kamar tanda.

Mahaifinki,
Hipólito

Río Grande, 17 ga Disamba, 1994

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Mama, ka sumbace min goshinta. Muna lafiya, Darío ya yi mura ya warke. Nan wai bazara ce, amma jiya na shanya zanin gado, sai a shingen maƙwabta na tsince shi.

Na karanta wasiƙarka a wurin cin abinci na kamfani, na ajiye cokali. Baba, bakin kogi? Da mara lafiya? In wani abu ya faru, wa zai kai ku asibiti, Anacleto da kwalekwalensa? Na yi niyyar in cika takarda da faɗa. Sai na tuna Mama zaune a matakalar Kunkuru, ƙafafunta cikin bokitin ruwa, tana ɓare lemo tana jifan mu da ɓawon in mun yi nisa cikin kogi. Na kasa faɗan. Amma ka yi min alkawari motarka za ta riƙa kwana da mai, hancinta na kallon hanya.

Janaretan lafiyarsa ƙalau. Lokacin da na'urar za ta fara sanyi tana fizgar wuta ninkin abin da take ci in ta daidaita, kamar mota mai kaya a gindin tudu. Ka tayar da injin ka bar shi ya yi ɗumi. Ka cire firij daga jikinsa, na san ka jona shi, kada ka musa. Ka kunna fankar na'urar kaɗai tukuna, sannan ka murɗa zuwa sanyi. In ta tsaya, kada ka sake kunnawa nan take, ka sha kofi ɗaya na shayinka na mate tukuna ta huce. Bayan ta kama sai ka mayar da firij.

Abu na ƙarshe, kuma da shi ba na wasa. Kada ka sa injin a ƙarƙashin Kunkuru ko kusa da taga, ko da ana ruwa. Hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci, ba wari ba gargaɗi. Ka ja shi iyakar tsawon wayar, bakin hayaƙin ya juya muku baya.

Ba za mu samu zuwa Kirsimeti ba, aiki ya yi yawa, duk ƙasar na neman sanyi. Ka ci min kifin da Mama ke gasawa da lemon tsami, ko da kai ne za ka ɓata shi.

'Yarka,
Zulma

Empedrado, 3 ga Janairu, 1995

Zulma,

Gaisuwa. Muna nan da rai, mun ga sabuwar shekara. Anacleto zai shiga gari yanzu, yana tsaye a kaina, don haka a taƙaice.

Na yi yadda kika ce, na'urar ta kama, ta yi sanyi. Amma na kashe injin, kuma ba zan ƙara tayar da shi ba. Abin da kika aiko ya shiga tsakanina da uwarki. Da ma bai zo ba.

Mahaifinki

Río Grande, 12 ga Janairu, 1995

Baba,

Ina gaishe ku. Ina fatan jikin Mama da sauƙi, tunda ba ka ga ya dace ka faɗa min ba. Mu muna lafiya.

Na karanta 'yar takardarka har na haddace ta. "Da ma bai zo ba." To, na ji. Na daɗe da sanin wannan maganar tana maƙale a wuyanka tun ranar da na hau bas zuwa kudu. A tasha ka ce min, "Wanda ya tafi ya tafi, kada ya riƙa aiko da shawara ta gidan waya." Na ɗauka wasa kake yi. Ashe har zuciya ne.

Na san ba ni ke juya Mama a gado ba, ba ni ke yi mata wanka ba. Kai ne. Kullum ina tsaye a layin aiki ina duba na'urorin da za su sanyaya ɗakunan mutanen da ban sani ba, zuciyata tana wurin uwata da ke kwance cikin gwangwani a rana. Abin da hannuna ya iya kaiwa kenan daga nan, shi na aiko. In ka ga kamar na aiko inji ne don ya tsaya a madadina, ka faɗa min kai tsaye. In kuma kun saɓa ne da Mama a kaina, ka gaya mata ban yi don in raba ku ba.

Amma Baba, fushinka da ni kada ya sauka a kanta. Ka yi fushi da ni cikin sanyi. Ka tayar da injin.

Zulma

Río Grande, 29 ga Janairu, 1995

Baba,

Gaisuwa. Lafiya kuwa? Shiru ya yi yawa. Rediyo na ta faɗin zafin da ake yi a yankinku na Corrientes, wai har tsofaffi sun mutu a birni. Na buga waya gidan maƙwabciyarmu, ta ce gidanmu a rufe yake, ciyawa ta fito a ƙofa. Ba na iya barci. Ka manta da abin da na rubuta, ka zage ni in kana so, amma ka rubuto layi ɗaya. In ban ji daga gare ka ba zan ajiye aikin in taho, Darío ya yarda.

Zulma

Empedrado, 8 ga Fabrairu, 1995

'Yata Zulma,

Ina gaishe ki da Darío. Kafin komai: uwarki tana da rai, tana gabana yanzu, tana kallon yadda nake riƙe da biro kamar mai riƙe da sifana. Ni ma lafiya. Kada ki ajiye aikinki.

Wasiƙunki biyu tare suka iso hannuna jiya. Suna kwance a gidan waya, ni ban iya barin uwarki in je ba, Anacleto kuma ya haura kogi bin kifi. Na karanta ta farko na ce, wannan yarinya barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ta ɗauko saurin fushina kaf. Na karanta ta biyu na fita waje don kada uwarki ta ga fuskata.

Ba da ke nake ba, auta. Da injin nake. Maganar tasha kuwa, mutumin da bai iya kuka a gaban jama'a ba ne ya faɗe ta. Ga abin da ya faru.

Kwanakin farko mun ji daɗi. Uwarki ta yi barcin rana irin wanda ba ta yi ba tun da ta kwanta. Sai dai wayar gajera ce, injin yana nan kusa, bangon Kunkuru kuwa kin san shi, kwano ne da ɗan katako. In yana aiki, ko Anacleto ba a ji, kin ga kuwa abin ya kai.

Washegarin sabuwar shekara da tsakar rana ina zaune a gefen gadonta ina gyaran ƙugiya. Sai ta kama hannuna ta matse. Na ɗago. Zulma, bakinta yana motsi. Ba "a'a" ba ce, ba sunan kare ba ne. Magana ce doguwa, tana kallon cikin idona tana faɗa, jijiyar wuyanta ta miƙe don wahala. Ni kuwa ba na jin komai sai rurin inji. Na sa kunnena a bakinta, ta riga ta kai ƙarshe. Na fita da gudu da gwiwar nan tawa, na kashe shi, na dawo. Na ce, "Nélida, sake faɗa. Na kashe shi, ga ni." Ta dube ni, ta juya fuska bango. Tun daga ranar ba ta sake gwadawa ba.

Wata nawa ina jiran wannan magana. Ta zo, ina zaune a wurin, inji ya cinye ta. Ban san ko sunanki ta kira ba, ko wani abu ke mata ciwo, ko ban kwana take min. Da wannan zuciyar na rubuta miki waccan takarda.

Kin tuna muryarta a nan wurin? Daga saman gaɓa take kiran ku cin abinci, masunta a tsallaken kogi su amsa mata da "Muna zuwa, Doña Nélida!" Matar da ake ji daga wancan ƙetare, yau sai an sa kunne a bakinta.

Sauran labarin ba daɗi, amma ba zan ɓoye miki ba. Na bar injin a kashe, ina jiƙa tawul ina shafa mata, ina yi mata fifita da kwali. Da zafin nan ya tsananta, wata rana da azahar na ga ta yi laushi, fatarta ta bushe, ba gumi. Motar tana da mai, hancinta na kallon hanya kamar yadda kika ce. Ta kwana biyu a asibiti ana ƙara mata ruwa. Likitar, yarinya ce sa'arki, ta tsayar da ni a baranda ta ce, "Kaka, ko sanyi ko gida. In ka sake kawo min ita a haka, ni da kai ne." Na tambayi uwarki, "Mu koma gida?" Kin san amsar.

Yanzu ina tayar da shi da rana, dole. Ina zaune ina kallon bakinta kamar mai gadi, ko ƙiftawa ba na so in yi. In na kunna, ba na jin ta. In na kashe, zafi zai ɗauke min ita. Na yi shekaru ina gyara injuna a gefen hanya, wannan kam ban san inda zan sa sifana ba.

Mahaifinki,
Hipólito

Río Grande, 18 ga Fabrairu, 1995

Babana,

Ina gaishe ka da gaisuwar mai jin kunya. Ka gaishe min da Mama, ka ce mata na gode da ta jira. Muna lafiya. Na karanta wasiƙarka a ɗakin sauya kaya, wata abokiyar aikina ta same ni ta ɗauka rasuwa aka yi min. Ka yafe min. Ina nan ina lissafin abin da aka yi min, kai kana can kana fifita da kwali.

Wannan gyaran da sauƙi, Baba, da ka faɗa tun farko. Ba kashe injin za a yi ba, nesa za a kai shi. Amma kada ka je ka jona wayoyin fitila ka ƙara tsawo, na san halinka. Siririyar waya in ta yi nisa wuta na raunana a hanya, na'urar za ta yi ta gurnani ta kasa tashi, ƙarshe ta ƙone. Ni da Darío mun samo waya mai kaurin yatsa, doguwa sosai, ya ɗaura mata kawuna da hannunsa. Tana hanya tare da direban da ya kawo kayan farko. Nauyi gare ta, kada ka ɗauka kai kaɗai.

Ka sauke injin bayan gaɓa, a ɗan kwarin nan da muke ɓuya in Mama ta ce a zo a wanke kwanoni. Ruwa ba ya kaiwa can sai ambaliya. Ku jera buhunan yashi ta ɓangaren da ke kallon Kunkuru, ku ɗora kwano a sama saboda ruwan sama, amma ku bar gefen kogi a buɗe ya sha iska. Ƙarar za ta bi ruwa ta tafi. Ita na'urar ka sa fankarta a mafi ƙanƙanta, ba ta fi numfashin mai barci ba.

Kuma Baba, ka daina tsare bakinta da ido. Ka san Mama, in aka zuba mata ido ko gishiri ba ta iya sawa a miya. Ka yi ta surutunka kamar da, ka faɗi wani abu ba daidai ba. Ba ta taɓa iya barin kuskurenka ya wuce ba.

Na nemi hutu a Ista, sun ba ni. Ka ce wa Anacleto na girma, ya kawo kan kifin.

'Yarka,
Zulma

Empedrado, 9 ga Maris, 1995

Auta,

Gaisuwa daga bakin kogi. Muna fatan kuna lafiya. Gwiwa tana nan da halinta. Uwarki ta ƙara ƙiba kaɗan, jiya ta cinye chipá biyu, ɗan burodin nan na rogo da cuku, ta miƙa hannu a ba ta na uku.

Waya ta iso. Anacleto ya ɗaga ta ya ce, "Wannan waya ce ko macijin da ya haɗiye ɗan maraƙi?" Mun yi yini muna cika buhuna, shi yana ba da umarni, ni ina haƙa. Da muka gama na ja igiyar injin, na hauro gaɓa ina haki, na shiga Kunkuru na rufe ƙofa. Na ɗauka ya mutu ne, har na juya zan koma. Sai na ji sanyi a ƙeyata. Yana can yana ta faɗa da kogi, mu nan ko a jikinmu. Har kukan tsuntsayen da ke kan icen ana ji.

Na bi shawararki. Na yi ta zuba kamar rediyo. Na ce mata a Goya muka yi aure, alhali a Bella Vista ne. Na ce uwarta ta fi kowa sona. Ta harare ni har na ji tsoro, amma ba ta tanka ba. Na tambaye ta abin da ta faɗa ran nan, ta yi murmushi da rabin bakinta, shi kenan. Na haƙura da waccan, ta tafi.

Ranar Lahadi bayan mun ci abincin rana na kwantar da ita, na shimfiɗa 'yar katifata a ƙasa. Tun da ta kwanta ciwo a ƙasa nake kwana, gadon ƙarami ne, ina tsoron in danne mata hannun da ba ta ji. Na rufe ido kenan, ba na ma kallon ta, sai na ji daga sama, can ƙasa-ƙasa, kamar ana jan zare:

"Hipólito."

Ban motsa ba, don kada in kore ta.

"Sanyi," in ji ta.

Na miƙe zan rage na'urar. Ta ce, "A'a." Na ɗauko bargo, a watan Maris, a Corrientes, wa zai yarda? Ta ture shi da hannun hagu. Ta huta, ta tattara ƙarfinta, ina jin numfashinta. Sannan ta ce:

"Wawa. Matso."

Na hau gadon, na kwanta a gefenta na hagu, rabin jikina a iska. Ta ɗora kanta a kafaɗata. Ba ta ƙara cewa komai ba, ni ma haka, karon farko a rayuwata. Can da la'asar fetur ya ƙare, injin ya mutu don kansa, ɗumi ya fara dawowa a hankali. Hannuna ya mutu a ƙarƙashin kanta, gumi na bin wuyana. Ban tashi ba sai da ta farka.

Muna jiran ki a Ista.

Mahaifinki,
Hipólito